Gyararren Ƙaron Tsirrai da Aikinsa Wajen Buga Launi a Kan Yadi

Gabatarwa



Maganar da aka ɗora mini in yi yau ta shafi wani abu ne wanda kowane ɗayanmu ya amfana da aikinsa, amma ba wanda ya taɓa ganinsa a jikin tufarsa. Idan mutum ya warware turmin atamfa ya duba, zai ga ja ya tsaya inda aka ajiye shi, kore ya tsaya a nasa wurin, iyakar da ke tsakaninsu kuwa a miƙe take kamar an ja ta da alƙalami. Akan yaba wa mai zayyana, a yaba wa rini, a yaba wa inji. Abin da ya riƙe launin nan ya hana shi malala kuwa, tun kafin yadin ya bar masana'anta an wanke shi ya bi ruwa. Wannan abu shi ne sinadarin kauri, kuma ana samun ire-irensa daga ƙaron itatuwa da ƙwayar 'ya'yan tsirrai.

Abin da nake so in nuna shi ne, ƙaron da aka ɗebo daga daji ba ya iya wannan aiki yadda injin zamani yake bukata, sai an gyara shi ta hanyar kimiyya, kuma a cikin gyaran nan ne darajarsa da kuɗinsa suke. Zan fara da dalilin da ya sa ake neman kauri, in bi ta kan tarihi da ire-iren ƙaro, in bayyana hanyoyin gyaran, sa'an nan in rufe da inda maganar ta shafi ƙasashenmu.

Dalilin neman kauri

Da farko ya kamata mu rarrabe rini da bugu. A marina, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, akan tsoma tufa dungurungum cikin ruwan baba domin ta sha launi ko'ina. Bugun da nake nufi kuwa, ba na mabuga ba ne masu dukan riga don ta yi ƙyalli. Ina nufin ɗora launi a wani ƙayyadadden wuri na yadi, a bar sauran wuraren ga waɗansu launuka. Wahalar ita ce, ruwan rini ba ya tsayawa inda aka ɗiga shi. Zaren auduga yana jan ruwa kamar yadda lagwani yake jan kananzir, saboda haka ɗigo guda sai ya bazu ya zama tabo marar iyaka. Malaman allo sun san maganin wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke zuba ƙaro a tawada. Masana'anta ma haka take yi: tana kwaɓa rini da sinadarin kauri har ya zama kamar koko mai jiki, sa'an nan a buga.

Injin bugu iri biyu ne suka shahara. Akwai na gangunan jan ƙarfe waɗanda aka sassaƙa zayyana a jikinsu, wanda Thomas Bell ya yi wa rajista a Ingila a 1783. Akwai kuma na rariyar ƙarfe mai siffar ganga, wanda kamfanin Stork na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. A cikin wannan na biyu, ana tura kwaɓin ne cikin gangar, wata wuƙa ta matse shi ya fita ta ƙananan ramukan rariyar ya hau yadi, yadin kuwa yana wucewa mita da dama cikin minti ɗaya. Kowane launi da gangarsa. Bayan bugu sai a busar, a turara da suraci domin rini ya bar kwaɓin ya shiga zare, daga nan a wanke.

Daga wannan bayani za mu iya fitar da sharuɗɗan da ake gindaya wa sinadarin kauri. Na ɗaya, ya saki jiki ya gudana lokacin da wuƙa ta matse shi, amma da ya sauka kan yadi ya koma ya yi kauri nan take. Na biyu, kada ya haɗu da rini ya cinye shi. Na uku, kada ya bar dusa ko gudaji da za su toshe ramukan rariya. Na huɗu, idan ya bushe kada ya tsattsage, idan ya sha suraci kada ya narke ya malala. Na biyar, ya fita sarai wajen wanki, domin kada yadi ya yi tauri. Na shida, kada ya lalace idan ya kwana, kuma kada ya yi tsada. Da wuya a sami ƙaron daji guda ɗaya wanda ya cika waɗannan duka.

Waiwaye kan tarihi

A ƙarni na 18, lokacin da sana'ar buga yadin auduga take bunƙasa a Faransa da Ingila, ƙaron dakwara shi ne abin dogaro ga masu aiki mai kyau. Daga bakin kogin Sanagal ake ɗaukarsa, inda mutanen hamadar da ake kira Muritaniya yanzu suke kawo shi su sayar wa Turawa. Darajarsa ta kai har aka yi yaƙi a kansa. A 1758 Ingilishi suka ƙwace tsibirin Sanlui daga hannun Faransawa, kuma cinikin ƙaro yana cikin manyan dalilan wannan hari. Faransawa suka sake karɓe shi a 1779. Daga baya, musamman bayan layin dogo ya isa garin Al-Ubayyid a farkon ƙarni na 20, sai yankin Kurdufan na ƙasar Sudan ya zama cibiyar wannan ciniki.

Tsadar ƙaro ta sa masu bugu suka nemi madadinsa, suka gano cewa idan aka gasa busasshen sitaci har ya yi ja-ja, yakan narke a ruwa ya ba da kwaɓi mai kama da na ƙaro. Suka sa masa suna ƙaron Ingila. Ana iya cewa wannan gashi shi ne gyara na farko da aka yi wa kayan tsiro domin bugu, tun kafin a fahimci abin da wuta take yi wa sitacin.

Ire-iren ƙaro da ginin jikinsu

Duk waɗannan kayan dangi ɗaya ne. Kowannensu doguwar sarƙa ce wadda aka ƙulla da dubban ƙwayoyin sukari. Idan sarƙoƙin suka shiga ruwa sai su kumbura su sarƙe da juna, su hana ruwan gudu, abin da muke gani ke nan a miyar kuka ko ta kuɓewa. Bambancin da ke tsakaninsu yana ga tsawon sarƙar da yawan rassanta.

Kashi na farko shi ne wanda itace yake fitarwa idan an ji masa ciwo. Ƙaron dakwara yana nan, da na kukkuki, da wani da ake kira taragakan wanda ake samu a duwatsun Iran da Turkiyya. Sarƙar ƙaron dakwara tana da rassa masu yawa, a dunƙule take kamar ƙwallo, saboda haka ba ta sarƙewa da 'yar'uwarta sosai. Shi ya sa sai an zuba ƙaro kusan daidai da nauyin ruwan, wato kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kafin a sami kaurin bugu. Iyakar zayyanarsa tana fita tsaf, amma yana cin kuɗi, kuma idan ya bushe yakan tsage.

Kashi na biyu shi ne na ƙwayar 'ya'yan tsirrai. Akwai na itacen karob na bakin tekun Bahar Rum, wanda sunansa na Turanci ya yi kama da wanda suke kiran ɗorawa da shi, ko da yake ba ita ba ce. Akwai na guwa, wani irin wake mai jure fari wanda aka fi nomawa a jihar Rajastan ta Indiya da kuma Pakistan. Indiya ita kaɗai tana samar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da duniya take nomawa. Akwai na ƙwallon tsamiya, akwai kuma na 'ya'yan tafasa, wannan dai da muke kwaɗon ganyenta. Guwa da karob da tafasa ginin sarƙarsu ɗaya ne: doguwar sarƙa ta sukarin da ake kira mannos, da gajerun rassa na wani sukarin mai suna galaktos. A guwa, kowace ƙwaya biyu ta sarƙa tana da reshe ɗaya; a karob kowace huɗu; a tafasa kowace biyar. Rassan nan su ne suke hana sarƙoƙi mannewa da juna, su bar wa ruwa hanyar shiga. Don haka guwa tana narkewa a ruwan sanyi, karob da tafasa kuwa sai an dafa su. Sarƙar guwa doguwa ce ƙwarai, har giram 10 nata a cikin lita ɗaya ta ruwa yakan ba da kaurin da ya ninka na ruwa sau dubbai.

Guwa ba ta shiga masana'antu ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke hanyar karob daga Bahar Rum zuwa Amurka, masu yin takarda suka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. A cikin shekarun yaƙin nan kuma aka fara amfani da garin ƙwallon tsamiya a masaƙun Indiya wajen ƙarfafa zare kafin saƙa.

Kashi na uku daga teku yake, wato aljinet, wanda ake tatsa daga wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Stanford ne ya gano shi a 1881.

Kowane ɗayan waɗannan da aibinsa idan ɗanye ne. Garin guwa da na tsamiya suna ɗauke da ɓawo da furotin da ba sa narkewa, su ne masu toshe rariya. Garin tsamiya yana da maiƙo. Kwaɓinsu duka abinci ne ga ƙananan halittu, saboda haka a lokacin zafi kwana ɗaya ko biyu ya isa ya yi tsami ya tsinke, kamar kunun da ya kwana. Amma aibin da ya fi waɗannan girma bai bayyana ba sai a 1956.

Abin da ya faru a 1956

A wannan shekara, shekara ɗari daidai bayan William Perkin ya haɗa rinin farko na masana'anta, kamfanin ICI na Ingila ya fito da wani sabon rini mai suna Procion. Rinin da aka saba da shi a da, maƙalewa yake yi a cikin zare ko ya kwanta a kansa. Wannan sabon kuwa ƙullewa yake yi da jikin audugar, su zama abu ɗaya, shi ya sa launinsa yake da haske kuma ba ya zuba a wanki. Zan riƙa kiransa rini mai ƙullewa.

Ga inda wahalar take. Auduga ma sarƙar sukari ce. A jikin kowace ƙwayar sukarinta akwai waɗansu mariƙai guda uku da masana suke kira haidroksil, kuma da su ne rinin yake ƙullewa. To, sitaci da guwa da tsamiya da ƙaron dakwara duk suna da irin waɗannan mariƙai, rinin kuwa ba ya bambanta na auduga da na kwaɓi. Idan aka kwaɓa shi da ɗanyen guwa, wani kaso nasa sai ya ƙulle da guwar, ya bi ruwan wanki, a yi asarar rini mai tsada, launi ya fita a dushe. Irin rinin da yake da hannu biyu ya fi ɓarna, domin yakan kama sarƙar ƙaro da hannu ɗaya, ya kama wata sarƙar ko audugar da ɗayan, ƙaron ya daskare a kan yadi ya ƙi fita, yadi ya yi tauri kamar kirgi.

Aljinet kaɗai ya tsira daga wannan. A jikinsa, wurin mariƙin da ya fi saurin ƙullewa akwai wani rukuni daban mai suna kaboksil, wanda yake ɗauke da cajin lantarki irin wanda rinin yake ɗauke da shi. Caji iri ɗaya kuwa ture juna suke yi, kamar baki ɗaya na maganaɗisu biyu. Saboda haka aljinet yana tura rinin zuwa ga auduga, ba ya riƙe shi. Tun daga lokacin ya zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Sai dai yana da tsada, samuwarsa ta dogara ga abin da teku ta bayar, masu abinci da masu magani suna rububinsa, sa'an nan idan ya gamu da ruwa mai kalsiyam, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, sai ya daskare ya yi gudaji. Tambayar da masana suka sa a gaba ita ce: yaya za a yi a ba ƙaro mai araha halin aljinet?

Hanyoyin gyara

Hanya ta farko ita ce tsarkakewa. Akan fasa ƙwayar, a raba ɓawo da ɗan tsiron da ke ciki daga farin naman da ƙaron yake, a cire maiƙo idan akwai, a niƙa lukui. Wannan ba ya sauya halin ƙaron, amma in ba a yi shi da kyau ba sauran aikin banza ne.

Hanya ta biyu ita ce gajarta sarƙa, da zafi, ko da asid, ko da sinadari mai ƙona sarƙar kamar haidrojin feroksaid, ko da inzayim. Wani zai yi mamaki, don me za a rage kaurin abin da aka saya saboda kaurinsa? Dalili shi ne, kwaɓin da aka yi da doguwar sarƙa kusan duk ruwa ne, ƙaron da ke ciki bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. Idan ya bushe fatar da yake bari siririya ce, ba ta iya riƙe rini idan suraci ya jiƙa ta, sai iyakar zayyana ta ɓaci. Idan an gajarta sarƙar, ana iya zuba kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari a sami kaurin da ake so, fatar ta yi jiki, kwaɓin kuma ya shimfiɗu daidai ba tare da dabbare-dabbare ba. Abin da wuta take yi wa sitaci ke nan wajen yin ƙaron Ingila.

Hanya ta uku, wadda ta fi muhimmanci ga maganarmu, ita ce ɗaura wa sarƙar rukunin kaboksimetil. Akan zuba garin ƙaro cikin ruwan da aka gauraya da sifirit mai yawa, domin sifirit yana hana garin kumbura ya dunƙule. Sai a zuba soda mai ƙuna, wadda take buɗe mariƙan haidroksil, a biyo da wani asid mai suna monokloro'asetik, a ɗumama tukunyar zuwa wajen digiri 50 zuwa 70 na 'yan sa'o'i. Daga nan a kashe kaifin sodar, a wanke gishirin da ya samu, a busar, a niƙa. Kowane rukunin da ya ɗauru ya yi aiki biyu: ya rufe mariƙi guda wanda rini zai iya kamawa, ya kuma kawo cajin da yake ture rinin. Bugu da ƙari, yana buɗe tsakanin sarƙoƙi, har tafasa da tsamiya su narke a ruwan sanyi, kwaɓin ya yi garau, ƙananan halittu kuma su sha wuya wajen cinsa.

Akwai ma'aunin da ake auna wannan gyara da shi, wato adadin mariƙan da aka rufe a kowace ƙwayar sukari. Tun da mariƙan uku ne a matsakaici, ma'aunin ba ya wuce 3. Kaɗan ya isa a sami narkewa a ruwan sanyi. Amma domin rini mai ƙullewa, sai an rufe kaso mai yawa, kuma gwargwadon yadda aka ɗaga adadin gwargwadon yadda sinadarai da kuɗi suke ƙaruwa. Kaya biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya a jikin buhu alhali ma'auninsu ya bambanta, ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ɓata yadi. Mai sayen kaya domin masana'anta ko domin hukuma ya kamata ya nemi wannan adadi a rubuce, ya kuma sa a buga gwaji a kan ƙyalle, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Hanya ta huɗu ita ce ɗaura rukunin haidroksi'etil ko haidroksiprofil, ta hanyar haɗa ƙaron da etilin oksaid ko profilin oksaid. Wannan rukuni ba shi da caji, kuma yana zuwa da nasa mariƙin, saboda haka ba ya maganin rini mai ƙullewa. Amfaninsa shi ne yana rage dusa, yana saurin narkewa, yana jure gishiri da asid, yana kuma fita da sauƙi wajen wanki.

Wane ƙaro ga wane rini

Ba a samu sinadarin kauri guda wanda ya dace da kowane aiki ba. Auduga da rini mai ƙullewa, wanda ake turarawa kimanin minti goma a zafin da ya ɗan haura na tafasar ruwa, har yanzu aljinet ne kan gaba, ana gauraya shi ko a maye gurbin wani kasonsa da guwa ko sitaci ko selulos mai kaboksimetil. Foliyesta kuwa rininta ba ya narkewa a ruwa, kuma sai an turara ta a zafin digiri 170 zuwa 180, saboda haka ana bukatar ƙaron da ba zai ƙone ya manne ba. A nan ne gyararriyar tsamiya da gajartacciyar guwa suka yi suna, musamman a masana'antun Indiya. Nailan da ulu da siliki, da kafet, ana buga su ne da rinin da yake aiki cikin ruwa mai tsami, kuma guwa da karob marasa caji su ne suka fi jure wannan. Rinin dangin baba, wanda yake bukatar sinadari mai halin kanwa, ya fi jituwa da ƙaron Ingila da gyararren sitaci. Ƙaron dakwara, wanda aka yi yaƙi a kansa, ya kusa fita daga wannan sana'a. Kasuwarsa ta koma ga lemon kwalba da alewa da magunguna.

Abokan gaba da batun ruwa

Ƙaron tsirrai yana da abokan takara. Akwai bugun da ake yi da garin launi wanda ake mannawa a kan yadi da wani danƙo, ba a wankewa bayan bugu. Tun da ba wanki, ƙaro ba ya amfani a nan, domin zai zauna ya taurara yadin. A da ana samun kauri ne ta hanyar kaɗa kananzir da ruwa, amma hayaƙi da haɗarin gobara suka sa tun daga shekarun 1970 aka koma ga sinadaran akrilik da ake yi daga man fetur. Kaɗan daga cikinsu yana isa, sai dai gishiri yana tsinka su, rini kuwa yana zuwa da gishiri. Akwai kuma bugun kwamfuta da ya fara yaɗuwa daga shekarun 1990, inda inji yake fesa rini ta ƙananan bakuna. Tawadarsa tilas ta zama tsararo, saboda haka sai a shafa sinadarin kauri a jikin yadin tun kafin a fesa. Wurin zuba ƙaron ne ya sauya, bukatarsa tana nan.

Ma'aikatan da ke kula da muhalli su lura da abu guda: duk ƙaron da aka zuba a kwaɓi, a ruwan wanki yake ƙarewa. Idan aka sake shi cikin kogi, ƙananan halittun da ke cinsa sai su shanye iskar da kifi yake shaƙa. Ƙaron tsiro yana ruɓewa a tafkin tace ruwa fiye da na fetur, amma gyaran da ya hana shi tsami a tukunya shi ne kuma yake jinkirta ruɓewarsa a tafki. Tilas mai gyara ya auna tsakanin biyun.

Inda maganar ta shafe mu

Uku daga cikin tsirran da na ambata a ƙasarmu suke. Dakwara tana nan daga Borno da Yobe da Jigawa har Nijar da Cadi da Sudan, kuma akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa. Tsamiya tana ko'ina, muna jiƙa ta mu yi kunu mu zubar da ƙwallon, alhali fiye da rabin naman ƙwallon nan ƙaro ne. Tafasa tana fitowa da kanta a bakin hanya, kuma 'yan kasuwa suna tara 'ya'yanta a buhuna ana kai su Asiya. Mafi yawansu ɗanye muke sayarwa. Ƙaron dakwara ma mafi yawansa a Turai, musamman Faransa, ake tace shi a mai da shi gari, a sake sayar wa duniya da tsada.

Dogaro ga kayan waje yana da haɗari, kuma an ga misali. A 2012 masu haƙar mai a Amurka suka rububi guwa domin fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa, farashinta ya ninka sau da yawa, har hukumar Indiya ta dakatar da cinikin alkawarinta a kasuwa a watan Maris na shekarar. Masu buga yadi da ba su da hannu a harkar mai suka ɗanɗana kuɗarsu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 shi ma ya girgiza cinikin ƙaron dakwara.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa aikin mai sauƙi ne. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano, amma mafi yawansu sun rufe a cikin shekarun 2000, saboda haka kasuwar cikin gida ta ƙanƙance. Asid ɗin da ake gyaran da shi daga waje za a sayo. Mafi wuya kuma shi ne daidaito: masana'anta ba ta sayen kayan da buhun yau ya bambanta da na gobe, ko da kyauta aka ba ta. Abin da yake ƙarfafa zuciya shi ne, gyararren ƙaron nan masu takarda da masu haƙar rijiyar mai su ma suna bukatar irinsa, matakin farko kuwa, wato fasa ƙwaya da tsarkakewa da niƙa, bai fi ƙarfin ƙaramar masana'anta ba.

Kammalawa

Mun ga cewa bugu ba ya yiwuwa sai da kauri, cewa kowane ɗanyen ƙaro da aibinsa, kuma tsarkakewa da gajarta sarƙa da ɗaura sababbin rukunai su ne suke daidaita shi da rinin da za a yi aiki da shi. Ga ɗaliban kimiyya, aikin da ke gabanku a bayyane yake: ku auna ƙaron tafasa da tsamiya da kukkuki na yankunanmu daban-daban, ku gyara su, ku buga su gefe da gefe da aljinet a kan auduga da foliyesta, ku rubuta ƙarfin launi da laushin yadi da kuɗin kowane kilo. Ga ma'aikatan gona da gandun daji da ciniki, naku shi ne a kafa ma'aunin inganci tun daga kasuwar ƙauye, a kare itatuwan, a kuma sauƙaƙa wa wanda yake son sarrafa kayan a gida kafin ya fitar da su.

Ranka ya daɗe Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.